Me ke sa sitiyarin mota rawa, kuma yaushe ne ya zama haɗari?

A hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, da wuya a sami direban motar haya ko na babbar mota da bai taɓa jin sitiyari yana kaɗa masa hannu ba.

Da yawa daga cikinsu sun ɗauki abin a matsayin halin tsohuwar mota, ko kuma laifin hanya. Wasu ma har sun san gudun da rawar ke farawa da wanda take dainawa, sai su ƙara wuta su wuce wurin.

Sai dai rawar sitiyari tana fitowa ne daga wani abu da ya karkace, ko ya cinye, ko ya kwance a ƙafafun mota na gaba. Lokacin da take zuwa da kuma yadda take zuwa su ne ke nuna ko matsalar za ta iya jira a kai gareji, ko kuwa dole ne a sauka gefen hanya nan take.

Hanyar kan iyaka

Mazanya, wadda ke mazaɓa ɗaya da Magama a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, tana dab da mashigar kan iyakar Nijeriya da Nijar. Daga can ɓangaren kuma akwai Ɗan Isa, sannan Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba.

Gajeriyar hanya ce, amma ta tara kusan dukkan abubuwan da ke cin ƙafar mota: lodi mai nauyi na hatsi da siminti da kayan masarufi, zafin da kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a watannin Afrilu da Mayu, shingayen jami'an tsaro da ke sa direba taka birki bini-bini, da kuma bakin kwalta da ya zaizaye, wanda taya ke faɗa wa duk lokacin da aka kauce wa wata motar.

Akwai kuma doguwar tsayuwa. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya na tudu a watan Agustan 2019, ba a sake buɗe mashigar Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. An kuma rufe ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum, har zuwa watan Maris na 2024. A rufewar ta biyu manyan motoci da dama sun maƙale a bakin iyakar da kayansu a kai.

Motar da ta yi makonni a tsaye da lodi, wurin da tayarta ke taɓa ƙasa yakan baje. Idan ta tashi, sai a ji tana dukan ƙasa sau ɗaya a kowane zagaye. Sau da yawa wannan kan wuce bayan an yi 'yan kilomitoci taya ta ɗumama. In tsayuwar ta kai watanni kuwa, musamman ga tayar da iskarta ta ragu, nakasar kan zauna ke nan.

Gudun da rawa ke farawa

Dalilin da ya fi yawa, kuma ya fi sauƙin gyara, shi ne nauyin taya da rim ɗinta bai daidaita ba, wato wani gefen ya ɗan rinjayi wani.

Abin da ake magana a kansa ba wani nauyi ba ne na a zo a gani. Tayar bas ƙirar Toyota Hiace, mai lamba 195R15C, kewayenta ya ɗan haura mita biyu. A gudun kilomita 90 cikin sa'a, tana juyawa sau goma sha ɗaya zuwa sha biyu a kowace daƙiƙa. Idan akwai rarar giram 50 a wuri ɗaya a bakin tayar, to a wannan gudun tana fizgar ƙafar motar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo tara, sama da ƙasa, gaba da baya.

Ƙarfin fizgar kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan aka ninka gudu sau biyu, shi ninkuwa yake yi sau huɗu.

To me ya sa rawar ke lafawa idan aka ƙara gudu? Kowace ƙafar mota, da tayarta da sifirin ɗinta, tana da saurin lilon da ya dace da ita, kamar yadda lilon yara ke da nasa. A ƙananan motoci da bas-bas, wannan yana faɗowa ne tsakanin sau goma zuwa goma sha biyar a daƙiƙa. Idan juyawar taya ta zo daidai da shi, sai girgizar ta haɓaka ta hau har sitiyari. Shi ya sa aka fi jin ta tsakanin kilomita 80 zuwa 110.

Da an wuce wannan wurin sai hannun direba ya huta, amma fizgar tana nan, ta ma ƙaru. Boris da shokazoba da mahaɗan sitiyari ne ke shanye ta ba tare da direban ya ji ba. Dabarar ƙara wuta don a tsere wa rawa ke nan ba ta raba kowa da matsalar, sai dai ta kai motar gudun da in wani abu ya ɓalle, ba za a iya riƙe ta ba. Dokar hanya ta Nijeriya ma ta ƙayyade wa bas-bas da tasi kilomita 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanyoyi, tankoki da tireloli kuwa 50 da 60.

Gyaran shi ne abin da ake kira balansin: a ɗora taya a inji, ya nuna inda ya yi sauƙi, a maƙala 'yan ƙananan ƙarafa a bakin rim. Waɗannan ƙarafan kan faɗi a hanya mai gargada. Babban facin da aka yi daga ciki shi ma yana sauya nauyin taya, kuma mafi yawan masu faci na bakin hanya ba su da injin awon. Da damina kuwa, taɓon da ya bushe a cikin rim bayan an ratsa hanyar ƙauye ya isa ya jawo rawa. Wannan wanki kawai yake buƙata.

Rim ɗin da ya lanƙwashe bayan faɗawa rami ba ya jin balansin. Ko injin ya nuna komai ya daidaita, tayar za ta ci gaba da tsalle, domin ba ta kewaye sosai ba.

Tayar da ke rabuwa daga ciki

Nan ne babban haɗarin yake, kuma nan ne ya kamata direba ya fi kasa kunne.

Tayar zamani ba roba ce zalla ba. A ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa akwai shimfiɗu na wayoyin ƙarfe da aka manne da roba. Zafi ne ke kwance wannan mannewar. Zafin kuma ba daga rana kaɗai yake zuwa ba. Duk zagayen da taya ta yi, gefenta yana lanƙwasa ya miƙe, wannan motsin yana haifar da zafi daga ciki. Idan iska ta yi kaɗan, ko lodi ya yi yawa, ko gudu ya yi yawa, lanƙwasar takan ƙaru. A hanyar Jibiya da rani, duka ukun kan haɗu a kan kwalta mai ƙuna.

Idan shimfiɗar ta fara sakin juna, sai taya ta yi ƙulli ko ta karkace. Alamarta ta bambanta da ta rashin balansin. Ana jin ta tun a ƙaramin gudu, kilomita 20 ko 30, sitiyari yana kaɗawa hagu da dama a hankali, mota tana tafiya kamar mai ɗingishi. Tana kuma ƙaruwa daga tafiya zuwa tafiya, wani lokaci ma a cikin tafiya ɗaya. Rawar da jiya babu ita, yau ta bayyana, bayan rabin sa'a kuma ta fi da, to ba a ci gaba da gudu a kanta.

Ƙarshen irin wannan tayar shi ne ko dai bayanta ya ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon rake, ko kuma ta fashe.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili ya faru ne a Amurka, a irin manyan motocin nan na tafi-da-gidanka, masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda iyalai ke yawon buɗe ido da su. Ba a cika ganinsu a ƙasar Hausa ba, ko da yake a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas sukan gangaro har Kano da ƙanana daga cikinsu.

Halin da waɗannan motoci ke ciki ya yi kama da na motar da ta maƙale a kan iyaka: suna da nauyi sosai, suna yin watanni a ajiye, sannan rana ɗaya a ɗauke su a yi doguwar tafiya cikin zafi. Tayoyinsu kan tsufa zanensu bai cinye ba.

A watan Yunin 2022 kamfanin Goodyear ya janye tayoyi kimanin 173,000 samfurin G159, waɗanda aka daina ƙerawa tun 2003, bayan matsin lamba daga hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka. Ƙararrakin da aka shigar sun ce an ƙera tayar ne don motocin rarraba kaya a cikin gari, masu tafiya suna tsayawa, amma aka riƙa sa ta a motocin tafi-da-gidanka masu sa'o'i suna gudu a babbar hanya, inda take zafi bayanta ya ɓare. An danganta ta da haɗurran da mutane suka mutu wasu suka jikkata. Kamfanin dai ya dage cewa tayar ba ta da aibi.

Kafin wannan, a watan Agustan 2000, Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi saboda irin wannan ɓarewar, akasari a motocin Ford Explorer. Bayan nan ne majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta kai ga tilasta sa na'urar gargaɗin raguwar iskar taya a sababbin ƙananan motoci daga 2007.

Idan sababbin tayoyi na manyan kamfanoni sun yi haka a ƙasar da ake sa ido, ba sai an faɗi halin tayar gwanjo ba.

Gwanjo da lambobin gefen taya

Nijeriya ta haramta shigo da tayoyin da aka yi amfani da su, amma duk wanda ya leƙa kasuwar kayan mota ya san ba su yi wuya ba. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Faɗuwar darajar naira daga 2023 kuma ta ƙara wa sabuwar taya tsada, ta yadda direban da ke biyan kuɗin mai mota kullum yake ganin gwanjo ce kaɗai mafita.

Matsalar gwanjo ita ce ido ba ya ganin tarihinta. Tana iya zuwa da zane mai zurfi alhali ta shekara takwas, ko an taɓa tafiya da ita babu iska, wayoyinta sun karye daga ciki. Wasu ma cusa su ake yi cikin juna, uku ko huɗu, don a rage kuɗin dako, abin da ke lalata bakin da ke kama rim. Akwai kuma masu sake yanka zane a tayar da ta riga ta cinye, su kusa kai wa wayoyin.

Abu biyu ne direba zai iya karantawa da kansa.

Na farko shi ne ranar haihuwar taya. A gefenta, a ƙarshen jerin haruffan da suka fara da DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanonin taya sun fi sassauci. Michelin, alal misali, yana cewa a riƙa kai ta bincike kowace shekara bayan ta shekara biyar, kada kuma ta wuce goma. Amma wannan shawara ce da aka bai wa duniya baki ɗaya, har da ƙasashe masu sanyi. Ga motar da ke ɗaukar rai goma sha takwas a zafin Katsina, ƙidayar FRSC ta fi kusa da hankali.

Na biyu shi ne nauyin da aka yarda tayar ta ɗauka. Harafin C a lambar tayar Hiace yana nuna ta motar kasuwanci ce mai ƙarfin gefe. Lambar 106 da ake gani bayanta a yawancinsu na nufin kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kuwa kilo 615 ne iyakarta. Idan aka sa wa bas irin ta biyun don ta fi araha, aka cika fasinja, aka ƙara buhunan masara masu kilo 100 a baya da kan rufi, to tun kafin a bar tasha an wuce iyaka.

Lodin da aka jibga a baya yana da wata illar ta daban. Yana ɗaga gaban mota, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakayau. Ƙaramar rawar da da direba zai iya riƙewa sai ta koma yawo a kan hanya.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne rage wa taya iska da rana don kada ta fashe. Iskar taya takan ƙaru idan ta yi zafi, kuma masu ƙera ta sun yi lissafin hakan. Wanda ya sace iskar tayar da ta yi zafi, ya ƙara mata lanƙwasa ne, ya ƙara mata zafi. Da safe ake awon iska, kafin a yi tafiya, kuma da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ko harbi da ƙafa ba.

Notin da ya kwance

Kafin a zargi komai, notocin da ke riƙe da ƙafa ake fara dubawa, musamman idan rawar ta fara ne jim kaɗan bayan an yi faci ko an sa safaya.

Rim ɗin da bai zauna daidai ba saboda yashi ko tsatsa a bayansa, ko aka ɗaure notocinsa bi da bi maimakon a riƙa tsallakawa, yakan saki bayan 'yar tafiya. Sai a ji ƙwanƙwasa da rawa mai ƙaruwa da sauri. A manyan motoci alamar ita ce jan layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti, ko ƙyalli a kewayen ramin. Wannan ne ya sa ake ba da shawarar a sake bin notocin bayan kilomita 50 zuwa 100 da sauya taya, kusan tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ke nan.

Ɗaurewa fiye da kima, irin ta yaran mota da ke zura dogon bututu a sifana su hau kai, ita ma tana miƙar da kusoshin har su tsinke. Ƙafar tirela da ta fice tana gudu, nauyinta ya isa ya kashe mutum a bakin hanya ko a kasuwa.

Idan birki ne

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki, ta kuma tafi da an ɗaga ƙafa, daga faifan birki na gaba take. Faifan ya ci ba daidai ba, wani wuri ya fi wani kauri, sai takalmin birki ya riƙa kamawa yana saki. Direba kan ji bugun har a tafin ƙafarsa. A manyan motoci masu gangar birki, gangar ce ke daina zama kewayayya.

Zafi ne ke jawo wannan ma. Mota mai nauyi ta taho a guje, ta ci birki a shinge, direba ya ci gaba da danne birkin ana duba takardu, faifan ya huce ba daidai ba. Watsa wa birki mai zafi ruwa ya fi wannan muni.

Irin wannan rawar ba ta cika jefa mota daji farat ɗaya ba, amma tana tsawaita tazarar tsayawa. Wadda ta fi ta haɗari ita ce ta birkin da ya kama ya ƙi saki. Mota takan ja gefe ɗaya, rawa ta fara bayan an yi tafiya, ƙafar ta yi zafi tana warin ƙuna. A tankar mai, daga nan wuta kan tashi.

Mahaɗai da boris

Tsakanin sitiyari da taya akwai sanduna da mahaɗai da dama: tayarod da ke tura ƙafa hagu da dama, boljoyin da ƙafar ke juyawa a kansa, a manyan motoci kuma kinfin. Kowanne an rufe shi da 'yar roba mai riƙe giris. Zafi da ƙurar hunturu kan tsage robar, yashi ya shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Mahaɗin da ya cinye ba lalle ne shi ke haifar da rawa ba, amma shi ke ba ta fili. Alamarsa ita ce wasa a sitiyari, a juya shi kaɗan ƙafa ba ta motsa ba, da ƙarar ƙas-ƙas a gargada. A gwajin lafiyar mota na Birtaniya, wasan da aka yarda da shi a bakin sitiyari mai faɗin milimita 380 shi ne milimita 13 ga irin sitiyarin ƙananan motoci na zamani, 75 kuma ga mai akwatin giya irin na manyan motoci. Idan tayarod ya ɓalle ana tafiya, ƙafar ta fita daga ikon direba gaba ɗaya.

Motocin da ƙafafunsu na gaba ke kan sandar ƙarfe guda, kamar gingimari da tirela da wasu motocin shiga daji, suna da wata irin rawa tasu. Mota tana tafiya lafiya lau, sai ta daki rami ko gaɓar gada, nan take ƙafafun gaba su kama karkarwa da ƙarfi har sitiyari ya nemi ƙwacewa. Ba ta dainawa sai an rage gudu sosai. Direbobin Amurka sun yi mata laƙabi da rawar ajali. Akan sa mata wani ƙaramin shokazoba a jikin sandar sitiyari, wanda ke rage ta, amma idan mahaɗan sun cinye, lulluɓe ciwon kawai ya yi.

Boris kuwa da gurnani yake fara magana, wanda ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an sha kwana. In an bar shi, yakan yi zafi ya narke, ƙafar ta cije ko ta fice.

Shi saitin ƙafa, wanda kanikawa ke kira alaimen, ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Rashinsa yana sa mota ja gefe, ya cinye taya ta ɓangare ɗaya, daga baya tayar ta kawo rawa. Yin alaimen a kan mahaɗan da suka cinye asarar kuɗi ce, domin saitin ba zai kai Jibiya ba.

Girgizar da aka fi ji a kujera da ƙasan mota, ba a hannu ba, daga baya take: tayoyin baya ko furofela. Wadda ake ji mota tana tsaye injin yana aiki kuma, ta injin ce ko robobin da yake zaune a kansu.

Abin yi a kan hanya

Idan rawa ta taso farat ɗaya ana gudu, ko taya ta fashe, abin da jiki ke fara umartar direba shi ne ya danne birki. Shi ne kuma abin da ya fi kifar da mota.

A ranar 6 ga watan Maris na 2016, ƙaramin ministan ƙwadago na Nijeriya, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken FRSC ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe motar tana gudun da ya wuce ƙa'ida, direban ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace ta yi ta wuntsilawa.

Abin da ake koya wa direbobi shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙar da mota, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar ta ta rage gudu da kanta, sai ta lafa sannan a taɓa birki a sauka gefe. Doguwar mota mai kaya a kan rufi ta fi kowace saurin faɗuwa idan aka fizgi sitiyari.

A nan ne direbobin yankin Jibiya ke da wata damuwar da littattafan koyon tuƙi ba su san da ita ba. Hare-haren 'yan bindiga sun kai ga gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021, kuma tsoron tsayawa a daji ya sa direba da fasinja duka kan fi son a yi ta gudu. Tsoron ba na banza ba ne. Amma tsakanin tsayawa cak a dokar daji da ci gaba da gudun 100 akwai matsakaici: a sauko kilomita 30 ko 40, a lallaɓa zuwa gari ko shinge na gaba. A wannan gudun, ko tayar ta fashe ana iya riƙe motar.

Da an tsaya, binciken minti biyar ne. A bi notoci da sifana. A kusantar da bayan hannu ga tsakiyar kowace ƙafa, ba tare da taɓawa ba, a ji ko wata ta fi 'yan uwanta zafi. A tura motar gaba kaɗan-kaɗan ana kallon bayan taya da gefenta na ciki, domin ƙulli yakan ɓuya a ɓangaren da ba a gani. Tayar da ta yi ƙulli ko waya ta leƙo, ba a yi mata faci, cire ta ake yi.

A gareji kuma, bakaniken da ya san aikinsa daga mai araha yake farawa. Zai ɗaga ƙafa da jak, ya juya taya yana kallon ko tana tsalle ko tana karkata. Zai kama ta sama da ƙasa ya girgiza don jin boris da boljoyin, ya kama ta hagu da dama don jin tayarod. In babu abin da ya bayyana, sai ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, a zaga da motar. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, to laifin yana cikin taya ko rim. Idan ta tsaya inda take, sai a shiga ƙarƙashin motar.